Daga Tasawa zuwa Mayahi da Dikko

Litinin, 4 ga Fabrairu 1985

Sojoji sun zo garinmu Kona da saƙon kumandan. Wata ƙungiyar annasara za ta yi tseren gudu daga Tasawa zuwa Mayahi, wai mutanen ƙasarsu za su ga hoto su aiko da taimako. Kowane gari mutum biyu. Garin da mutanensa biyu suka kai ƙarshe, za a kawo mishi kamiyon hatsi, babbar mota guda cike.

Maigari ya ce ni, don na yi gudu lokacin ina ɗan lakwal, makarantar boko. Na biyun Dikko. Dikkon da shanunsa suka cinye mini gona shekarar da aka yi ɗan ruwa, bai ko zo ya ba ni haƙuri ba. Na ce a sake wani. Maigari ya kira ni yadda ake kiran 'yan lakwal da Faransanci, ya ce, "Mushe Maharazu, duba garin nan. Wa ya rage da ƙafa?"

Alhamis, 7 ga Fabrairu

Tasawa. Sun tara mu a filin lakwal, shinkafa da sardin safe da yamma. Na zuba rabi a aljihu don Barira da yara, sarzan ɗin sojojin ya gani, ya tsaya a kaina sai da na haɗiye. A gida 'ya'yan anza masu ɗaci suke jiƙawa su ci.

Ba ma magana da Dikko. Shanun nan duk sun mutu, an ce. Ban ji komai ba.

Lahadi, 10 ga Fabrairu

Jiya aka yi tseren.

Annasaran sun wuce mu tun da hantsi, ba su da laifi, wata ma ta miƙo mini ruwanta. Rairayi har idon ƙafa. Garuruwa ba kowa, ƙofofi a buɗe. Ƙasusuwan dabbobi dama da hagu, Dikko ba ya duban su, ƙasa kawai yake duba.

Bayan azahar ƙafata ta ɗaure, na zauna. Ya dawo ya tsuguna yana murza mini sharaɓa. "Tashi, Mushe. Halimatu na jira, naka ma na jira." Halimatu matarsa ce. Maganarsa ta farko ke nan.

Wajen la'asar shi ya faɗi. Ya yi fitsari baƙi kamar shayi. Motar likita ta tsaya, suka ce ya shiga. Ya tambaye ni da Hausarsa ta Fulani, in ya shiga akwai hatsi? Na ce babu. Da na yi shiru, da likitan ya ɗauke shi. Amma ya tambaya, ni kuma na faɗa.

Muka ci gaba, hannunsa a wuyana. Ba gudu ba ne, jan jiki. Mu ne na ƙarshe da suka shiga Mayahi. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto.

Talata, 12 ga Fabrairu

Yana kwance a likitar Mayahi. Fitsari ya tsaya. Fuska ta kumbura.

Laraba, 13 ga Fabrairu

Ya ce, "Gonarka, ba da gangan ba." Na ce ya bar zancen. Ban ce na yafe ba. Na ɗauka akwai gobe.

Juma'a, 15 ga Fabrairu

Mun rufe shi a Mayahi. Ni da wasu mutum uku da ba su san sunansa ba.

Talata, 5 ga Maris

Kamiyon ya zo. Mata na guɗa, wasu na kuka. Wajen rabo aka ce rugar su Dikko ba ta cikin lissafin gari, sarzan ya ce haka umarni yake. Na buɗe baki, maigari ya taka mini ƙafa.

Laraba, 6 ga Maris

Na raba buhunmu biyu. Barira ta dube ni, ta dubi yara, sannan ta ɗauko igiya ta ɗaure bakin da kanta.

Halimatu ba ta karɓa da hannu ba, na ajiye a ƙofar bukka. Ta tambaya ko ya sha wahala. Na ce a'a.

Iska ta kwashe rabin bukkar tata. Akwai kara a bayan ɗakina da ba na komai da shi, gobe in kai. Ai hanya ce, ba nisa.