Linzami Ya Samu Sauƙi, Maiɗakina Ta Daina Shigowa

Zuwa ga Malam Mai Filin Shawarwari,

Assalamu alaikum. Na zo ƙofarka da kukan da na kasa kai wa aboki ko ɗan'uwa, domin duk wanda na fara faɗa wa, dariya ke kwashe shi kafin in kai ƙarshe. Don Allah ka taimake ni, ka daure ka karanta har ƙasa.

Sana'ata tsara shafukan littattafai kafin a kai su maɗaba'a, kuma a gida nake yi, cikin wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya. Rabin aikin nan a linzamin kwamfuta yake: ka ɗauko hoto, ka ja shi a hankali, ka ajiye daidai inda layi ya ƙare. To wata biyu ke nan linzamina, wanda marar waya ne, ya tsiro da wani hali. Ina cikin jan hoto sai kibiyar da ke kan allo ta tsaya cak, kamar wadda aka kira sunanta daga baya. In girgiza, in bubbuga, in yi magiya. Can sai ta zabura, ta kwashi hoton marubuci ta dasa shi a tsakiyar babi na uku. Sau biyu ina sauya batir. Har baiti takaici ya sa na yi mata:

Kibiyar allo, me na tsare miki,
Kin tsaya cak, kin bar ni da aiki?

Amma ba wannan ne ciwon ba. Maiɗakina, wadda muka shekara ashirin da biyu tare, mace ce da ba ta iya ganin ƙura ta wuce. Kwanakin baya ta sa aka yanko gilashi daidai faɗin teburina, ta jera hotunan 'ya'yanmu a ƙarƙashinsa, tun daga na ranar fara makaranta har na babbarmu da ta kammala karatu. Kowace safiya takan shigo da tsumma mai ɗan danshi, ta goge gilashin har ya riƙa ɗaukar ido, ta ajiye mini shayi, ta tsokane ni cewa gemuna ya fi teburin buƙatar shara.

Sai na lura linzamin ya fi tsayawa da safe, bayan ta goge, ya ɗan saki jiki da yamma. Wata rana mai maɗaba'a yana ta kira, shafi ya ƙi zama, sai bakina ya riga hankalina. Na ce mata tsummanta ne ke kashe mini kayan aiki, ruwa ya shiga linzamin, kuma ɗakin aiki ba wurin wanke-wanke ba ne. Ba ta yi musu ba. Ta ninke tsumman gida huɗu, ta ce Allah ya huci zuciyar Malam. Ita da ke kirana Abban yara tun haihuwar fari!

Yau kwana goma sha tara ba ta taka ɗakin ba. Shayi yana zuwa, amma a kan kujera bakin ƙofa nake tarar da shi. Abin da ya fi ba ni kunya, Malam, linzamin ya samu sauƙi. Yanzu jefi-jefi yake tsayawa. Ƙura ta lulluɓe fuskokin 'ya'yana, aiki yana tafiya, ni kuwa ban taɓa cin nasara mai ɗaci irin wannan ba. Shin da gaske ruwa ne? In sayi wani? Yaya zan yi ta dawo ba tare da aikina ya sake tsayawa ba?

Naka,
Mai tsara shafi da gidansa ya ƙi tsaruwa

AMSA

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka: idonka ya ga daidai, hukuncinka ne ya karkace.

A ƙarƙashin linzami akwai ɗan ido mai haske, wanda ke karanta ƙananan zane da kaushin abin da yake tafiya a kai. Gilashi sumul yake, haske ratsa shi yake yi, don haka yawancin linzamai ba sa samun abin kamawa a kansa sai ɗan dattin yatsa da ƙura. Idan maiɗakinka ta goge, ta kwashe masa alamun hanya. Da ta daina, ƙura ta mayar masa da su. Ina kyautata zaton babu ruwan da ya shiga. Tsabtarta ce ta yi yawa ga idon na'ura.

Ka shimfiɗa takarda marar sheƙi, ko ka samo ɗan faifan da ake ɗora linzami a kai, ka yi aikin yini guda. Idan har yanzu yana tsayawa, ka share idon da busasshiyar auduga, domin silin gashi ɗaya ya isa ya makantar da shi. Sannan ka cire ɗan abin da ke karɓar saƙon linzamin, wanda ke soke a jikin kwamfutar, ka mayar da shi wata kafa da ta fi kusa da hannunka. In duk bai yi ba, ka gwada shi a wata kwamfutar. Ya tsaya a can, to ya gaji, sai ka sauya. Ya yi lafiya, sai mai gyara ya duba maka manhajar kwamfutar taka.

Yanzu ga babbar magana. Ina yi maka uzuri: mutumin da ake jira da aiki, kayan aiki kuma suka ƙi, ba wuya harshensa ya kuɓuce. Ita ma yana da kyau ta san danshi da na'ura ba sa shiri, ta riƙa ɗaga linzamin gefe kafin ta goge. Amma wadda ta jera maka fuskokin 'ya'yanka a inda idonka ke wuni ba shara take zuwa yi ba, gaisuwa ce take kawo maka a bakin tsumma, kai kuma ka kore ta da ita.

Saboda haka kada ka jira gwaji ya wanke ta kafin ka ba ta haƙuri. Ko da a ce ruwan ne ya lalata linzamin, maganar da ka yi ba ta dace ba, kuma za ta gane bambancin haƙurin da ya fito daga zuciya da wanda na'ura ta tilasta. Ka je yau, ka same ta inda take, ka faɗa da baki tsirara, ba ado ba amsa-amo: na yi kuskure, ina kewar shigowarki. In ta yi shiru, ka jure. Ita ma ta jure zafin harshenka.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya ƙara muku shekaru masu albarka tare.