Munsharin Yaya Balki a Tsakiyar Teku

Daren Talata, Yuli 2016, cikin jirgin ruwa

Wallahi na gaji. Shekara guda ina ɗaga tsofaffi a wurin aiki, na ce bari in zo teku in huta, ko bayana ya sarara. Ashe wahala na saya.

Mu uku ne a ɗaki kamar akwati: ni, Yaya Balki, da Anti Rabi, maƙwabciyarmu ta Parkchester. Da yake ni ce ƙarama, aka ba ni gadon sama. Da na ɗaga kai sai silin ya gaishe ni. Tun da muka baro New York Yaya ke munshari kamar janareto.

Jiya na daure na faɗa mata. Ta harare ni ta ce, "Ni? Ƙarar injin jirgi ce, marar kunya."

Ɗazu abin ya ishe ni, na ja bargo na haura wurin kujerun shan iska. Sai ga Anti Rabi kwance, ta lulluɓa da mayafi.

"Ke ma kin gudo?" in ji ta. "Ga kujera nan. Kada dai ki gaya mata."

Sanyi na ta dukanmu, ga shi Litinin zan koma aiki da wannan bayan. Yaya kuwa tana can, ita da gado uku.