Farfelar Zalɓe

Badariya, Birnin Kebbi

Kamilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya.

Jiya na ji ka a rediyo kana ba da tarihin Zalɓe, jirgin ruwan Baba. Ka ce Baturen noman rani ya taho da shi daga Lakwaja, katakonsa maɗaci ne, da zai koma gida ya sayar wa Baba. Duk gaskiya ne. Amma har anka rufe shirin ban ji sunana ba. Wa ya tuƙa shi shekara ashirin da idon Baba ya mutu? Kai da ko kwalekwale ka shiga sai ka yi amai, yau kai ne magajin jirgi? Har a masallaci ana yi mini barka da samun ƙane irinka.

Ka gaida ɗiyarka Hanifa.

Yayanka,
Ɗantsoho

Argungu

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarka, Allah ya ƙara sauƙin gwiwa.

Ka yi haƙuri, na ambace ka, su suka yanke. Amma Yaya, tun rasuwar Baba jirgin nan yake kife bayan gida, gara na cin ƙasansa, awaki na kwana a inuwarsa. Sau biyu na ce mu gyara, ka ce a bar matacce ya huta. Yanzu kafintoci sun sauya katakon da ya ruɓe, an toshe tsagogi da auduga da kwalta, inji ya tashi. Farfelarsa ta tagulla kaɗai muka rasa. Hanifa ta ce ta gan ta rataye a ɗakinka. Don Allah ka aiko, muna so ya shiga ruwa ranar bikin kamun kifi.

Ƙanenka,
Kamilu

Kamilu,

Salama. Farfela tana wurina, kuma nan za ta kwana. Da hannuna na kwance ta ranar da munka fid da shi daga ruwa. An nuna mini hotonka a waya, ka dafa sitiyari, ka sa hular Baba. Na kasa cin tuwo. Tunda kai ne gwanin gyara, ka sa a ƙera maka wata.

Ɗantsoho

Yaya,

Barka da war haka. Na bi maganarka, wani maƙeri a Sakkwato zai zuba mana ta ƙarfe, ko da yake ya ce ba za ta yi daɗin ta asali ba. Ni kam ba zan iya tuƙi ba, ka sani. Na yi magana da Hodi mai jirgin fito, ya yarda zai ja shi. An tanadar maka kujera a rumfa.

Allah ya bar zumunci.

Kamilu

Kamilu,

Hodi? Wanda ya kifar da buhunan albasa a tsakiyar gulbin Rima? Ni in zauna a rumfa ina kallo?

Ina tafe ran Laraba da farfela. Ka sallami maƙeri. Kada kowa ya taɓa sitiyarin nan kafin in iso, har kai. Ka kuma kira masu rediyon, su zo da wuri.

Ɗantsoho