Shinkafar Ranar Bakwai

Ni Hakumaya, mai kindirmon unguwar magina a birnin Kwapa, ina faɗin wannan da hankalina garau. Ƙafafu ne suka ƙi, kai kam yana nan daram, kada wani ya ce ruɗin tsufa ne. 'Ya'yana Beka, Jogman, Ciri, da ku uku nake.

Na ɗaya. Ɓaunaye da tukwanen kindirmo na Jogman ne, shi ya gaji hannuna. Sai dai ka rage garaje, ɗana, ka daina buɗe tukunya tun nono bai kwanta ba.

Na biyu. Gida na Beka ne, shi ne babba. Ɗakin sama mai taga a bar wa Ciri, duk ranar da ta zo.

Na san abin da ke bakinka, Beka. Ciri tana aure a Yala. Yala da sarkinta da ganuwarta, mu ma da namu, kuma bana an rufe ƙofa tsakaninmu. Ina son birnin nan ba kaɗan ba. Ba mu taɓa durƙusa wa kowa ba, kada ku fara a bayana. Amma tun ina yarinya nake kallon sarakunan nan, yau su rufe ƙofa a kan haikalin wa ya fi tsawo, gobe su ci biki tare. Fushinsu yakan wuce, naka ne ya ƙi wucewa. Da ka shiga gadin ganuwa, a tsakar gidana ka ce wa ƙanwarka, "Ke 'yar Yala, koma wa sarkinki." Ta ce, "Yaya, a wane birni ka goya ni?" Har yau abin yana mini ciwo.

Na uku, shi ne babba. Ranar bakwai da ƙona gawata, 'yar da ta yi aure ita ke dafa wa mamaci shinkafa ta ajiye masa a ƙofar gida. Suruka ba ta yi, ɗa namiji ba ya yi. 'Yata kuwa ɗaya ce. Masu tsaron ƙofar birni ba sa hana mai zuwa makoki shiga, muddin wanta ya fito da kansa, ya kira ta da sunanta, ya karɓi kayanta ya saɓa a kafaɗa. Haka aka yi wa kakarku lokacin da faɗan ya fi na yanzu zafi.

Ba na fargaba, Beka. Ranar auren Ciri na gan ka a bayan murhu kana share ido, ka ce wai hayaƙi ne. Za ka je.

Allolin birnin nan su tsare ganuwarmu, na Yala su tsare mini jikokina da ke can. Na sa muku albarka ku ukun. Ranar nan ku zauna a tabarma ɗaya ku ci tare, kuma kada ya zama daga ranar shi ke nan.

Beka, ka fita da wuri, ka kira sunanta da ƙarfi. Ka san ni, ba ni da haƙurin yunwa.