Tokar Gonar Baba

Sabon Gari, Maris

Yaya Japhet,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina gajiya, ya aikin gwajin ƙasa? Tunda ka daina ɗaga waya, na ba maƙwabciyata Bibiana takardar nan ta kawo maka Samaru.

Masu farautar gafiya sun cinna wa daji wuta a Zabi, ta cinye gonar marigayi Baba ƙurmus, har ɗorawar bakin rafi. Toka har idon sawu, wani wurin fara fat, wani wurin baƙa. Ka san gonar nan ce ke ciyar da Mama. Ga ƙullin toka da na ƙasa a leda, ka duba mana. Ni dai na gaji da zama ɗa namiji a gidan nan alhali kana raye.

Ƙanwarka,
Salome

Samaru, Afrilu

Salome,

Ina amsawa, ki gaishe da Mama da jiki. Ki yi haƙuri da jinkiri, aiki ya danne ni, sai jiya na kwance ledar.

Na ɗiga ruwa a kan ƙasar, ya tsaya cak kamar a kan ganyen gwaza. Zafin wutar ya shafe ta da wani abu mai kama da kakin zuma, ba ta shan ruwa. Tokar kuwa nan take ta shanye. Ke nan ita ce za ta riƙe ruwan farko, ta sake shi a hankali har ƙasar ta yi laushi. Don Allah kada kowa ya taɓa ta. Farar ba ta da nauyi, iska na kwashe ta, a shimfiɗa mata kara.

Ba ƙin waya nake ba. Ba ni da abin faɗa ne.

Yayanki,
Japhet

Sabon Gari, Afrilu

Yaya,

Barka da hutawa, in kana samu.

Takardarka ta zo, amma Mama ta riga ta. Ka san ba ta iya ganin farar toka a ƙasa ta wuce, wai tokar ɗorawa ba a samunta a kasuwa. Ta kira 'yan Zumuntar Mata, suka share gonar tas da tsintsiya, suka cika buhuna, suka tace ruwan toka na miya. Har da ni a masu sharar, muna waƙa.

Ranar Lahadi muna sujada aka tsuge da ruwa. Ya bi ta kan gonar kamar kan siminti, ya kwashe baƙar ƙasar ya zuba a rafi. Inda kunyoyin Baba suke, yanzu rami ne, jar ƙasa ce ta rage. Na tsaya a wurin, ko kuka na kasa.

Mama ba ta sani ba, ƙafarta ta hana ta komawa. Kullum tambayata take yaushe za mu yi shuka. Ga kwalbar ruwan tokar ta aiko maka, tatar farko ce, ta ce kai ne mai son miyar kuka.

A huta gajiya.
Salome

Samaru

Salome,

Kwalba ta iso. Na kaɗa miyar, na zauna ina kallonta har ta huce.

Ki ce wa Mama tokar bana ta yi kyau. Asabar ina tafe da garma. Ki nemo min takalmin robar Baba.

Japhet