Ƙugiya Ɗaya Ta Kori Ɗalibata Daga Makaranta

Zuwa ga Mai Girma Daraktan shirin raba wa makarantu kwamfutar hannu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, tare da fatan Yallaɓai ya huce. Ni ne Malam Sule, mai koyar da Hausa a makarantar nan ta yankin Gwaram da ka ziyarta, ka tafi ba ka ko taɓa lemon da muka ajiye maka ba.

Na ɗaya. Mun gode da kwamfutocin da aka kawo don yara su riƙa karatu da rubutu. Suna da kyau, har da mariƙi. Sai dai wanda ya sayo su bai tambaya ko suna jin Hausa ba. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, ba kuma a bar mana damar saka su ba, wai kada yara su ɓata na'ura. Tun daga nan ƙura ta zama kura a ajina, baƙi suka zama baki. Wani yaro ya rubuta cewa kakarsa na shan fura a koko, na rasa ta inda zan fara gyara.

Na biyu. Na kai kuka ofishinku na shiyya. Wani matashi mai ɗamammen wando ya ce min, "Malam, ai duk ɗaya ne, za a gane." Na dawo na yi dabarar talaka: yara su rubuta a kwamfuta, a bugo a Birnin Kudu, sannan kowa ya ɗauki biro ya bi haruffa yana sa musu ƙugiya.

Na uku, kuma shi ne dalilin wasiƙar nan. Hadiza, yarinyar da ta karanta maka jawabin maraba, ita ce ta fi kowa rubutu a ajin. Ta bi jawabinta da biro kamar yadda aka saba. Hannu ya saki, tsoron manyan baƙi ya kama ta, har k ɗin da bai kamata ba sai da ta rataya masa ƙugiya. A layin ƙarshe ta so ta ce Allah ya kare Darakta da iyalansa. Da bakinta haka ta faɗa, kowa ya ji, har kai ma ka ce amin. Sai da ka duba takardar da aka miƙa maka ka ga an rubuta Allah ya ƙare Darakta da iyalansa.

Yallaɓai, ni ma da na gani sai da na juya baya, don dariya ta kusa tona min asiri. Amma shugaban makarantarmu bai yi dariya ba. Motarka ba ta kai bakin titi ba ya kori Hadiza, ya ce kada ta dawo sai ka yafe. Jarrabawar fita ta matso. Mahaifinta manomi ne a Kwandiko, ya zo ya same ni ya ce, "Malam, yau kuma addu'a ce laifi?" Abin ya daina ba ni dariya, ya koma ci mini rai.

Roƙona biyu ne. Ka aiko wa shugabanmu cewa ka yafe, da kalmomin da ba ƙugiya a cikinsu don kada a sake samun matsala, Hadiza ta koma aji kafin jarrabawa. Sannan a sa wa kwamfutocin nan haruffanmu. An ce min aikin bai kai wahalar tayar da babur ba.

Allah ya ƙara girma, ya sa ka gama lafiya. Allah ya kare ka da iyalanka. Na duba kalmar da kyau kafin na aiko, Yallaɓai ma ya duba.

Wassalam.

Malam Sule,
malamin Hadiza