Abin da Ya Tsiro a Makiyayar Baba

Salabani, Baringo
19 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Nadupoi, uwar Lesiamon,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara da dabbobi. Yaya sanyin Rumuruti, yaya kuma gwiwar nan da na ji tana damun ki? Allah ya kawo sauƙi. Mu nan muna nan yadda kika bar mu, sai tafki da ya ƙara matsowa. Matata Nalangu tana gaishe ki, amma hannunta na dama a kumbure yake, ƙaya ce ta soke ta, mako biyu ke nan ba ta iya tuƙa tuwo. Baƙar saniyarki, jikar wadda Baba ya ba ki, tana da ciki, nan da wata biyu muke sa ran haihuwarta. Duk wanda yake karanta miki wannan, na roƙe shi kada ya tsallake ko layi ɗaya don jin kunyar tsoho.

Maganar makiyayar maruƙa ce ta sa na ɗauki alƙalami, wadda Baba ya killace a bayan gida. Kin tuna yadda take. Ƙarƙashin aduwa da bagaruwar nan ciyawa har gwiwa, ga kiri-kiri, ga gude-gude, ga gasayar da Inna take aiken ki ki tsinko ta yi mana miya. Kin kuma tuna wanda ya dawo daga makarantar aikin gona da takardar shaida da takalmi mai igiya, ya dasa baƙon itacen nan mai ƙaya, matenge, guda goma sha biyu a gefen shingen, wai su tare iska. Ranar kika ce mini itacen da ba shi da suna a bakinmu kada in kai shi kusa da ciyawar Baba. Ni kuma a gaban mutane na ce wadda ba ta iya karanta sunanta ba, ba ita za ta koya mini itace ba. Mutane suka yi dariya. Shekara kusan arba'in ke nan, ba ki taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban taɓa ba.

Baƙin da suka kawo mana irin matengen sun hau motocinsu tun tuni. Na rubuta musu wasiƙu da Turancin da na sha bulala kafin in iya, ko amsa ɗaya ban samu ba. Rabonki da makiyayar shekara shida, to yanzu ko tunkiya ba ta ratsa ta. Idan mutum ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin matengen, ƙasa ce tsirara, sai ƙaya da busasshen ganye, duhu da rana tsaka. Sun tare rana ta sama, sun shanye ruwa ta ƙasa. Gasaya ce ta fara ɓacewa, sai gude-gude, kiri-kirin da muke cewa ba ya mutuwa shi ma ya bi su. Aduwar tana nan a tsaye amma ba ta da ɗa ko ɗaya a gindinta, babbar bagaruwar kuwa ta bushe bara. Awaki kaɗai suke murna, suna cin zaƙin 'ya'yan itacen har haƙoransu su zube.

Da ranin nan na ce ba zan mutu in bar wurin haka ba. Ni da Nalangu da Lenkupae, tsaran nan nawa da aka yi mana kaciya tare, muka share kwata ɗaya na filin. Ba sara kawai muka yi ba, don kin san idan aka sare shi guda goma yake fitowa. Kowane kututture sai da muka tona shi, muka ƙone saiwar. Wata uku muna abu ɗaya. Nalangu kuma tana da irin ciyawa cike da ƙwarya, wanda ta yi shekara biyu tana tarawa da hannu a bakin magudanar ruwa, duk inda ta ga tsiro ɗaya ya tsira. Ta ɓoye shi cikin toka kamar irin dawa.

Nan ne ilimina ya sake motsawa. Na dubi ƙasar na ce ta gaji, taki take so. Nalangu ta ce ita dai tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin an yi wa ciyawa taki ba, a watsa irin a bar shi da ruwan sama. Na ce mata ai shi ya sa iyayenta ba su rubuta littafi ba. Na kwashe kashin awakin da ya taru a garke tun bara, baro talatin da biyu, da wannan bayan nawa, na baza shi ko'ina, sannan muka watsa irin.

Ruwa ya sauka, kwana tara filin ya yi kore shar. Nadupoi, na yi murnar da rabona da ita tun ina saurayi. Na je har gida na jawo Lenkupae ya zo ya gani. Ya tsuguna, ya tsinko ɗaya, ya kai kusa da idonsa mai gani, sai ya fashe da dariya, wai malam mai takarda ya sake yin shuka, bana ma ya fi na farko albarka, a kawo masa lambar yabo. Bai gama dariyar ba ya dubi fuskar Nalangu da ta biyo mu, sai ya yar da tsiron. Ba ciyawa ba ce, matenge ne, dubbai, kai da kai kamar gashin tsintsiya. Kowane ɗan kashin akuya da iri a cikinsa. Abin da ya fi ci mini rai, ni na san wannan. Da bakina na koya wa mutane, lokacin da muke renon dashen, cewa irin ba ya tsira da wuri sai ya bi ta cikin akuya. Nalangu ba ta zage ni ba. Cewa kawai ta yi, shekara biyunta ke nan na ba wa ƙaya, ta ɗauki ƙwaryarta ta shige gida. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ga inda tsorona yake. Muddin ƙasa tana da danshi ana iya tuge su da hannu, saiwar ba ta wuce tsawon yatsa ba. Nan da mako uku ko huɗu za ta kai kamu guda, ƙasa ta bushe, sai ta tsinke a ciki ta sake tohowa. Kullum tun safe ina durƙushe, amma abin da nake tugewa a yini bai fi shimfiɗar fata biyu ba, Lenkupae kuma idonsa ba ya bambanta su da ciyawa. Idan damina ta wuce a haka, wurin ya tafi ke nan, saniyarki za ta haihu ba inda ɗanta zai sa baki. Nalangu ta riga ta ce in haka ta faru garin Marigat za ta koma wajen ɗanmu, ba za ta tsufa tana ƙona gawayin matenge ba.

Abu biyu nake roƙo. Ki turo mini Lesiamon da matarsa Siyanto ko na kwana goma ne, da duk wanda hannunsa yake da lafiya. Sannan ki sa a tattaro mini irin ciyawar wajenku, ko cikin gwangwani ɗaya ne, daga inda akuya ba ta kwana. Yadda kika ce a watsa shi, haka za a yi, ba zan buɗe baki ba.

Ki gaishe mini da maigidanki Lolkitari, da Lesiamon da Siyanto, da jikokinki duka. Lenkupae ya ce a gaya miki har yanzu yana cewa ke ya kamata a kai makaranta.

Kin san yadda ake neman gafara a gidanmu, mutum yakan zo da ɗanyar ciyawa a hannu, kuma ba a mayar da shi. Jiya na bi filin nan kaf da rarrafe ina neman abin da zai cika mini tafi. Tsiro uku na samu na irin Nalangu, a matse tsakanin matenge. Na tsinke ɗaya, ga shi nan cikin ninkin takardar, ki buɗe a hankali. Biyun na kewaye su da duwatsu, ko za su kai ga yin iri kafin mutanenki su iso.

Ni ne yayanki mai jiran amsa,
Lekisima